Tsakanin Garka da Garke: Wa Zai Yi Shinge, Wa Zai Kafa Turke?

Wata ranar Asabar da hantsi, cikin watan Nuwamban 2024, na dawo daga ta'aziyya na iske awaki huɗu a bayan gidana da ke Unguwar Rimi a nan Kaduna. Sun riga sun share fangalin alayyafo biyu, sun taune kawunan tumatirin da na dasa makonni uku kafin ranar, babbar cikinsu kuma ta ɗaga ƙafafunta na gaba ta dafa jikin zogale tana zagar ganye cikin natsuwa, kamar wadda aka gayyato walima. Aikin wata biyu, da ruwan da muka riƙa jawowa daga rijiya safe da yamma ni da yarana, duk sun tafi cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Duk wanda ya taɓa shuka wani abu da hannunsa ya san irin zafin da ke taso wa mutum a wannan lokaci.

Kafin la'asar na sami shawarwari uku. Wani abokin aikina ya ce in kama awakin in kai su ofishin 'yan sanda. Wani ya ce in yanka ɗaya, in ya so mai su ya zo ya same ni. Na ukun, wanda mutum ne mai ilimi da kamala a idon jama'a, ya rage murya ya ce: "Dakta, kada ka wahalar da kanka. Sami 'yar dusa ka yayyafa mata fiya-fiya ka ajiye a bakin fangali, ba za ka sake ganinsu ba, da su da kyanwoyin da ke tona maka ƙasa." Wannan shawara ta uku ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura ta zama ruwan dare a unguwanninmu, har masu ba da ita ba sa jin nauyin furta ta.

Mai awakin dattijuwa ce da mijinta ya rasu, tana haya a ɗakunan bayan wani gida da ke layinmu, tana riƙe da jikoki uku. Da na yi sallama na faɗa mata abin da ya faru, sai ta riƙe haɓa ta ce: "Wayyo Malam, ka yi haƙuri don Allah. Wallahi ba ni na sake su ba, igiya ce ta tsinke." Na ce: "Ba komai Iya, amma ɓarnar da yawa." Ina dawowa gida sai sana'ata ta motsa, na shiga juya maganarta. A nahawun Hausa, "tsinke" a wannan jimla aikatau ne ƙi-karɓau, wato aikin da ke faruwa kamar da kansa, ba tare da an ambaci hannun kowa ba. Haka muke cewa akuya "ta ɓalle", kare "ya kuɓuce", kaza "ta sulale". Ba a cika jin wanda zai ce "na saki akuyata" ba. Ina cikin jin daɗin wannan bincike sai na tuna amsar da na ba uwargida lokacin da ta tambaye ni ta inda awakin suka shigo. Ce mata na yi ƙyauren baya "ya ɓalle". Alhali kuwa tun watan Agusta na ga ƙusoshinsa sun fita, na yi ta cewa gobe. Ashe ni da Iya nahawu ɗaya muka karanta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce da ba ta cancanci shafin jarida ba. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar abinci ta tura ma'aikata da yawa zuwa ga fartanya. A watan Yunin 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kafin nan ma, a 2016, lokacin da tsutsar nan mai cin tumatir ta afka wa gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, mutane da dama sun gane darajar 'yan tsirrai goma a bayan ɗaki. Malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da ya shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa da attarugu a Malali ko Unguwar Dosa, kuɗin cefane yake ragewa. A ɗaya ɓangaren kuma, akuyar Iya ita ce asusunta. Da ita ake biyan kuɗin makarantar jikoki, da ita ake sayen magani, ita ake kaiwa kasuwar Kawo ranar da buƙata ta taso. Tsadar da ta sa ni shuka ita ce ta sa dusa da harawa suka fi ƙarfin Iya, har ta kai ga kau da kai idan igiya ta tsinke. Talauci ɗaya ne ya haɗa mu faɗa.

Hausa tana da kalmomi biyu da wasali ɗaya tak ya raba su: garka da garke. Garka ita ce ƙaramar gonar da aka kewaye, ta rogo ko ta kayan miya, garke kuwa taron dabbobi ne. Kakanninmu sun mallaki duka biyun, sau da yawa a gida ɗaya, kuma sun san abin da ke raba su shi ne shinge. Wannan fahimta ba tamu ce mu kaɗai ba. Kalmar Ingilishi ta lambu, wato garden, wadda muka ara muka ce gadina, ta fito ne daga wani tsohon tushe mai ma'anar wurin da aka killace. Kalmar firdausi ta samo asali daga tsohon harshen Farisa, inda take nufin lambun da aka zagaye da katanga. A Larabci, hadiƙa tana daga tushe mai ma'anar kewayewa, kuma mutanen Madina kan kira lambun dabino da ha'iɗ, wanda ma'anarsa ta farko ita ce bango. Al'ummu daban-daban da ba su yi shawara da juna ba sun raɗa wa lambu suna daga abin da ke kare shi. Saboda haka wanda ya shuka kayan miya a fili ya bar su a buɗe bai gama yin lambu ba tukuna.

Haka nan idan muka duba ɗaya ɓangaren, harshenmu cike yake da kayan aikin tsare dabba: turke, talala, dabaibayi, takunkumi, akala, linzami, burtali. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kalmomi sun bar turken dabba sun koma bakin 'yan jarida da 'yan siyasa. Yau Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke sa takunkumi, hukuma ce ke yi wa ɗan adawa ɗaurin talala, matsaloli ne ke yi wa ƙasa dabaibayi, shinge kuma ya zama na jami'an tsaro a kan hanyar Zariya. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji asalin ma'anar talala, sai ƙalilan ne suka san doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita don ta yi kiwo ba tare da ta wuce iyaka ba. Mun riƙe kalmomin muna ado da su, mun yar da ayyukan da suka haife su.

Tambayar da ke kan wannan rubutu tsohuwa ce ƙwarai, kuma an amsa ta. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, an ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) game da gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Masu tafsiri sun bayyana cewa Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin, shi kuwa Annabi Sulaimanu ya ga a ba mai gona tumakin ya amfana da nono da gashinsu na ɗan lokaci, mai tumaki kuma ya gyara gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. Wato an biya ɓarna, ba a kuma tsiyata kowa ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu lambu, ɓarnar dare kuwa tana wuyan masu dabbobi. Wannan hukunci ne ya shigo cikin Risala, littafin da babu tsohon garin Hausa da ba a karanta shi a zaure.

Malaman Malikiyya ba su tsaya nan ba. Albaji, malamin Andalus da ya yi sharhin Muwaɗɗa, ya rarrabe wurare: inda gonaki da makiyaya suke cakuɗe, nan ne ake raba nauyi tsakanin dare da rana, inda kuwa shuke-shuke ne zalla babu wurin kiwo, bai halatta a saki dabba ba, kuma duk abin da ta ɓata, dare ko rana, mai ita zai biya. Sai mai karatu ya tambayi kansa: layin da ke da gidaje hagu da dama, da kwalta a tsakiya, a Unguwar Sarki ko Badarawa, a wane kashi yake? Ina makiyayar da aka ware wa awakin da ke yawo a cikinsa?

Al'adar karkara ma ta bi wannan sawu. Da zarar ruwan shuka ya sauka, mai gari kan sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Awaki da tumaki su koma turke ana yanko musu ciyawa, ko a haɗa su a ba makiyayi ya bi da su ta burtali zuwa daji. Wadda aka kama a gona a kai ta gidan mai gari, dattawa su je su ƙiyasta ɓarna, mai ita ya biya ya karɓi abarsa. Bayan an kwashe amfani sai a saki dabbobi su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. Mai noman rani a fadama kuwa, tunda ya san lokacin sake ne, shi ke da alhakin yin darni ko shingen ƙaya. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta kafa dokar karkara tun 1993, har yau hukumomi a jihohi irin su Maraɗi da Damagaram kan zauna da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya kowace shekara su tsayar da ranar sakin gonaki. Kowa ya san watan da nauyi ke kansa.

Kaduna ba ta gaji wannan tsari ba, domin ba a gina ta a kansa ba. Gari ne da Lugga ya zaɓa, aka maido da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Tsarin Turawa ya ware unguwarsu da manyan filaye da furanni da masu ban-ruwa, ya kuma tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da unguwannin 'yan ƙasa. A wancan zamani tazara ce ke tsare furen Bature daga akuyar talaka. Su kuwa 'yan ƙasa da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Nufe, da dabbobinsu suka zo, sunayen Unguwar Shanu da Kabala Doki ma sun isa shaida. Yau tazarar ta tafi. An yanyanka manyan filayen, an cika ɗakunan bayan gida da 'yan haya, unguwanni sun haɗe da juna tun daga Kawo har bakin kogi. Mai garka da mai garke sun zama maƙwabta na katanga ɗaya, ba tare da mai shelar da zai gaya musu lokacin ɗauri da lokacin saki ba.

Ba wai doka ta yi shiru ba ne. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sai dai ɓangaren garin da ke arewa da kogi ya rabu ne tsakanin hukumomi uku, domin Tudun Wada tana ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, Rigasa tana Igabi, wasu unguwannin kuma suna Kaduna ta Arewa, akuya kuwa ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. A Ingila, dokar dabbobi ta 1971 ta ɗora wa mai dabbar kiwo biyan ɓarnar da ta yi a filin wani, ta kuma ba mai fili damar riƙe dabbar, bisa sharaɗin ya sanar da 'yan sanda cikin sa'o'i 48, ya kuma ciyar da ita ya shayar da ita. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da wani malamin shari'a Ba'amurke, Robert Ellickson, ya yi a gundumar Shasta ta Jihar Kalifoniya, wanda ya fito a littafi a 1991. Ya tarar makiyaya da maƙwabtansu da wuya su kai ƙarar juna kotu a kan ɓarnar shanu, da yawansu ma ba su san abin da dokar ta ce daidai ba. Abin da ke aiki a tsakaninsu shi ne sanar da mai dabba, da ba da haƙuri, da biyan ɓarna cikin mutunci, da tsoron a yi da mutum a gari. Wannan kuwa shi ne abin da kakanninmu ke kira maƙwabtaka.

To, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bari in fara da abin da ke kan mai lambu. Abin da zan faɗa a nan mafi yawansa na koyo shi ne daga wani dattijo mai noman rani a bakin Kogin Kaduna, wanda na je wurinsa sayen irin tumatir bayan ɓarnar. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya ya ce: "Malam, kowace dabba da ƙofar da take shigowa. In ka san ƙofar, ka huta da jifa." Na ce: "Baba, to a faɗa mini ƙofofin."

Akuya ta sama take zuwa, tana tsalle tana hawa, don haka shingen da bai kai ƙirjin babban mutum ba wasa ne a wurinta, kuma kada a bar bulo ko turmi ko tarin yashi kusa da shi, domin matakala ce aka yi mata. Tunkiya ta ƙasa take kutsawa, ita da kare, shi ya sa ake binne gindin ragar waya kamar taƙi ɗaya da rabi a ƙasa, ko a jera duwatsu a gindin darni. Kare ba ganye yake nema ba, ƙamshi ke jawo shi, saboda haka kada a zuba ƙashi ko kan kifi ko sauran miya a ramin taki. Kaza tono ne aikinta, kuma ƙaramar raga mai ƙananan idanu ta ishe ta. Wasu kan yi amfani da tsohuwar komar masunta ko gidan sauron da ya riga ya yage, amma zunubi ne a cire sabon gidan sauro daga kan yaro a rufa wa tumatir. Kyanwa kuwa babu katangar da ke hana ta. Abin da take so shi ne busasshiyar ƙasa mai laushi da za ta tona ta yi bayan gida ta binne, don haka maganinta a hana ta jin daɗin wurin: a shimfiɗa rassan ƙayar magarya ko ragar waya a kan sabon fangali har shuka ta rufe ƙasa, a zuba tsakuwa a tsakanin tsirrai, a kuma bar ƙasar da danshi. Ɓawon lemo da wasu ke watsawa yakan yi tasiri na kwana ɗaya ko biyu, ban-ruwa na farko ya tafi da shi.

Ga wanda ba shi da kuɗin waya ko bulo, shinge mai rai ya fi komai araha. Ana yanko rassan dashi ko aguwa ko cini-da-zugu a kafa su kusa da kusa gab da faɗuwar damina, su kama da kansu. Amma a sani, 'ya'yan cini-da-zugu guba ne ga yaran da suka ci, ƙaron aguwa kuma yana cutar da ido, don haka gidan da ke da ƙananan yara ya fi dacewa da lalle, wanda in ya yi kauri yakan zama shinge mai kyau, ga kuma ganyen da mata za su daka. Zogale ba shinge ba ne a inda awaki suke, abinci ne, a cikin shinge ake dasa shi. Ƙaramin dashen mangwaro ko gwaiba kuwa a kifa masa tsohon kwando ko gangar da aka fasa gindinta. Wata dabarar da Baba ya nuna mini ita ce a jiƙa kashin awaki a dama shi a shafa wa jikin dashen, domin akuya tana ƙyamar abin da ke warin kashinta. Sai dai a riƙa sabuntawa, kuma ba a yi wa ganyen da za a ci.

Akwai dalilin lafiya da ya sa bai kamata a yi sakaci da kyanwa da kare a lambu ba. Kashin kyanwa kan ɗauki wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Toxoplasma, wadda ke iya rayuwa watanni a ƙasa mai danshi, kuma haɗarinta ya fi yawa ga mai juna biyu da abin da ke cikinta. Kashin kare kan ɗauki ƙwayayen tsutsar ciki da ke kama yara masu wasa da ƙasa. Latas da kabeji da karas, waɗanda ake ci ɗanye, su ne suka fi buƙatar wanki sosai. Ciwon haukan kare kuma, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, alhali akwai allurar rigakafinsa ta karnuka, har Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta. Mai kare da ya sake shi da dare ba allura, ya ɗauki alhakin da ya wuce na alayyafo.

Yanzu sai shawarar abokina. Guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Dusar da aka yayyafa wa fiya-fiya ko aka cuɗa da shinkafar ɓera, kazar maƙwabci za ta ci, yaro mai rarrafe zai iya kai hannu, akuyar da ta ci kuma in ta fara magagi maza za a yi a yanka ta kafin ta mutu, naman ya shiga tukunyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Mushen da aka jefar a juji zai kashe abin da ya ci shi. Ungulun da muka taso muna gani a mahauta, wadda ƙungiyar IUCN ta sa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 2015, guba na cikin abubuwan da suka rage ta. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ke salwanta. Tun dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960, sanya wa dabbar wani guba laifi ne da ake hukunci a kansa. A addini kuma, kowane ɗan Islamiyya ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Haka nan masu jona wayar shinge da wutar lantarkin gida kai tsaye su sani, tarkon kisa suka ɗana, kuma sau da yawa almajiri ko ɗan maƙwabci ne zai fara taɓawa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Ƙananan hukumomin nan uku su yi ƙa'ida iri ɗaya, gajeriya, a rubuce da Hausa da Ingilishi, wadda za ta ce a cikin unguwannin zama dabba a ɗaure take ko a killace dare da rana, mai shuka kuma ya yi shingen da ya dace. A ba masu unguwanni da hakimai ikon karɓar dabbar da aka kama, da ƙiyasta ɓarna tare da dattawa biyu, da tara mai sauƙi wadda ba za ta fi kuɗin akuyar ba. Limamai da fastoci su faɗa a mumbari. Kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi da ke Mando, da likitocin dabbobi na jiha, su koya wa mata yadda ake kiwon turke da abinci mai araha, domin umartar Iya ta ɗaure awakinta ba tare da nuna mata abin da za ta ba su ba, umarni ne da za a karya kafin mako ya zagayo. Mu kuma masu albashi da muke da katanga, mu tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: da yawa daga cikin masu kukan akuyar maƙwabci, karensu ne ke hana layi barci, ragon layyarsu ne ke cinye furannin mutane duk shekara.

Ni dai na kira kafinta ya gyara ƙyaure, na kafa ragar waya, na dasa lalle a gefen da ke kallon layi. Iya ta aiko jikanta da kuɗin da ta ce na ɓarna ne, na mayar mata, na ce ta sayi sabuwar igiya. Daga baya muka yi yarjejeniyar da kakanninmu suka san ta tun kafin a kafa Kaduna: duk ciyawar da na cire, da ganyen kabeji na waje, da karan masara, jikanta kan zo da buhu ya kwashe, shi kuma ya kawo mini takin awaki idan an share turke. Sau biyu tun daga lokacin igiya ta sake tsinkewa, amma awakin sun iske ƙofa a rufe. Wancan abokin nawa kuwa har yanzu yana ganin na cika sanyi, kuma a layinsu an daina gaisawa tsakanin gidaje biyu tun ranar da aka wayi gari aka ga kaji bakwai a mace.

Allah Ya ba mu ikon tsare haƙƙin maƙwabci da na dabba, Ya sa albarka a abin da muka shuka da abin da muke kiwo, amin.